Hannuwan Auta Sun Daskare

Hoton Auta ya tsaya cak a allon kwamfuta, baki a buɗe, hannu ɗaya a sama kamar mai tsayar da mota a bakin titi. Muryarsa kuwa tana isowa, a yayyanke dai, amma ana ji.

"Yaya, kuna ganina? Ni fa duhu kawai nake gani."

Muna ganinsa, in dai wannan shi ne gani. Mama tana zaune kusa da ni a teburin cin abinci, ta matso har hancinta ya kusa taɓa gilashin. Ta jira hannun ya sauko, bai sauko ba. Sai ta taɓa kafaɗata, ta juya tafin hannunta sama, wato me ke faruwa.

A wani gidan wannan ba abin tashin hankali ba ne, sai a kashe bidiyo a yi magana da baki a wuce wurin. Amma mahaifiyarmu kurma ce. Zazzaɓi ya tafi da jinta tun kafin ta iya magana, kuma ba ta taɓa zama a aji ba, balle a ce a rubuta mata. Maganar hannun da muke yi da ita ma ba irin wadda ake koyarwa a makaranta ba ce. Ita ta ƙirƙiro abinta tare da marigayi babanmu, muka taso muka tarar, muka ƙara namu a kai. Duk duniya mu uku muka rage masu jin wannan yare, ita da ni da Auta. Mijina ya yi shekaru yana fama, har yau in ya tashi ce mata ya gode, abin da hannunsa ke faɗa shi ne "kaza", ita kuma ta hana ni gyara masa don abin yana ba ta dariya.

Auta ƙanena ne, mu biyu kaɗai Mama ta haifa. Yana kwance a asibiti a wani gari mai nisa inda aiki ya kai shi. Ciwo ne ya fito masa a ƙashin hannun dama, aka yi magani, aka yi gashi da na'ura, daga ƙarshe likitoci suka ce ko hannun ko ran. A safiyar nan za su shiga da shi su cire hannun daga saman gwiwar hannu. Mama ta san yana asibiti, ta san za a yi masa aiki, amma ba ta san wane irin aiki ba. Shi ya hana ni faɗa mata. Ya ce da kansa zai faɗa, da hannuwansa biyu, tun yana da su. Ya yi ta ɗagawa, yau ne gobe ne, har ranar ta iso. Halinsa ke nan tun yana yaro, sai mota ta tashi yake neman takalmi.

Na ce masa, "Jira, zan kashe in kunna."

"Yi sauri. Mutum ɗaya ne a gabana, yana ciki. Da an fito da shi, ni ne."

Rautar tana kan wani ɗan katako a lungun falo, farin akwati mai kunnuwa biyu da ke raba mana intanet a gidan. Tun ranar da aka kafa ta ban ƙara kallonta ba, sai in ƙura ta dame ni. Jiya-jiyan nan yarana suka kwana kallon zane mai motsi a talabijin, ko tari ba ta yi ba. Na zare wayar wutarta, na tsaya ina kallon bango, na mayar. Fitilun suka riƙa kamawa ɗaya bayan ɗaya, a natse, kamar ba su san da mutuwa a duniya ba.

Na sake kira. Sai ga Auta tar, har ƙwayar idonsa ana gani. Yana zaune a kan gado cikin rigar asibiti, ya jingina wayarsa a kan teburin da ake ba marasa lafiya abinci. Mama ta yi wani ɗan sauti a maƙogwaro, wanda take yi in ta ji daɗi, ita ba ta san tana yi ba. Ya ɗaga hannuwa biyu ya gaishe ta. Ta amsa. Ya nuna kansa, ya yi alamar likita, ya kai hannun hagu zai dafa na dama, sai hoton ya daskare a nan. Fuskarsa ta farfashe ta koma ƙananan murabba'ai.

Mama ta juyo. Ta maimaita abin da ta gani, likita, hannu, sannan ta tsare ni da ido. Na ce mata akwatin ne ya lalace, yanzu zan gyara. Ba wannan ta tambaye ni ba, kuma ta san na sani.

Na ɗauki kwamfutar na kai ta gindin rautar, har suna gogar juna. Babu canji. Na miƙe kunnuwan, na karkata su, na hura ramukan bayanta, na matsa kowace waya na ji ta zauna. Na tuna akwai wani shuɗin kebul da aka bar mana ranar da aka kafa ta, na zazzage aljihun tebur gaba ɗaya a ƙasa har na same shi cikin tsofaffin caja da batura. Na cusa baki ɗaya a rautar, na juyo da ɗayan, na zagaye kwamfutar kaf. Irin siraran nan ce na zamani, ba ta da ramin kebul. Lokacin da na saye ta har yabon sirantakar nake yi.

Na koma kan datar wayata. Gidanmu a saman bene yake, ta baya, wani dogon gini ya tokare mu, kiran murya yana shiga, amma sabis ɗin data sai ka zura kai ta tagar kicin kake samun sanda ɗaya. Dalilin da ya sa muka jawo intanet na gida ke nan tun farko. Na hau kan kujera na miƙa hannu waje, kiran ya shiga, ya nuna da'ira tana juyawa, ya mutu. Sauko da Mama ƙasa kuwa aikin mutum biyu ne tun da gwiwoyinta suka ƙi. A cikin gida tana lallaɓawa da sanda, amma matakala sai ni da mijina mun ɗauke ta a kujera, shi kuma direban babbar mota ne, yana can kan hanya tun shekaranjiya. Na fita ba takalmi na buga ƙofar maƙwabciyata har hannuna ya yi zafi. Na buga ta gaba. Kowa ya tafi aiki, yara suna makaranta, benen ya zama kango.

Auta ya kira ta murya.

Na ce, "Ka ɗauki bidiyon kanka ka turo. Ko a hankali ne zai sauka."

"Na ɗauka da asuba, na goge."

"Auta, don Allah."

"Yaya, ba a aiko wa uwa irin wannan maganar. Ina so in ga fuskarta. In ta faɗi, ina so in ga ta faɗi, in san kina riƙe da ita."

"To ni in faɗa mata."

Ina jin ƙarar ƙafar gado ana turawa a bayansa, da muryar wata mata tana kiran wani.

"In ke kika faɗa, ranar da za ta fara ganina a haka ita ce ranar da zan fara yi mata magana. Da me zan yi? Ki gyara kawai. Nas ta zo da allurar da ke sa barci, na roƙe ta ta ɗan zaga."

Na kira kamfanin intanet. Wata na'ura ta gaishe ni, ta ce in danna wannan, in danna wancan, sannan ta sa mini kiɗa. Ban taɓa tsanar kiɗa irin na ranar ba. Ina tsaye tsakar falo, waya a kunne, ina kallon Mama tana danna hoton da ya daskare da yatsa, wai ko zai motsa. Can wani saurayin murya ya ɗauka, ya faɗi gaisuwarsa mai tsawo wadda daga ji haddace ta ya yi.

Na katse shi. "Malam, intanet ɗina ya mutu a tsaye. Jiya lafiya lau, yau ko bidiyo ba ya ɗauka."

"Mun gode da kiranki, Malama. Kin gwada kashe rautar ki kunna?"

"Na kashe na kunna har ta gaji da ni."

"To, kafin mu duba, ki gwada rufe bidiyon ki yi kiran da murya. Murya ba ta cin komai."

Allah ya sani, na buɗe baki da niyyar zagi. Abin da ya fito kuka ne. Na faɗa masa komai a hargitse, uwa kurma, ƙane a ƙofar tiyata, hannu. Ban san ko ya gane rabin abin da na ce ba. Da ya sake magana, muryar haddar ta tafi, ta mutum ce ta rage.

"Yi haƙuri, Yaya. Bari in buɗe layinki. Fitilar da ke ƙarƙashin hoton duniya, wane launi ce?"

"Koriya."

"Madalla, waya ba ta tsinke ba ke nan. Ta kusa da ita fa, mai alamar iska?"

Na durƙusa. "Tana ƙiftawa da sauri-sauri."

"Ko da ba ki kira kowa ba?"

"Ko yanzu."

Ya sa na buɗe wani shafi mai gwada sauri. Allurar ma'auni ta farko ta ɗan ɗaga kai da ƙyar. Ta biyu ko motsi ba ta yi ba.

Ya ce, "Kin ga, hanya biyu ce. Akwai abin da ke shigowa gidanki, akwai abin da ke fita. Ta fitar ce ta cushe, ita ce ta shaƙe ta shigowar ma. Daga nan ina ganin gidanki yana ta aika kaya ba tsayawa tun sassafe. Me kike turawa?"

"Ba na tura komai."

"To wani yana turawa. Shi ya sa in kin kashe kin kunna take ɗan numfasawa, kafin abin ya sake kamawa. Kin taɓa ba wani kalmar sirrin wayfay ɗinku?"

Nan take na ga fuskar maƙwabcinmu na ƙasa, mai sayar da kayan waya, wanda mijina ya taɓa ba shi wai na kwana ɗaya. A cikin raina na gama tsine masa, na kwashe kayansa na watsa a titi. Bawan Allah, daga baya na gane ko kusa da abin bai zo ba.

Mutumin kamfani ya ce mu shiga cikin rautar mu sauya kalmar, kowa sai ya faɗo. Ya karanto mini wasu lambobi na rubuta a kwamfuta, shafi ya buɗe yana neman mabuɗi. Na kifa rautar na kwafi abin da ke jikin takardar gindinta. Ya ƙi. Na sake a hankali, harafi bayan harafi. Ya ƙi.

"An sauya ke nan. Wa ya sauya?"

Wa kuwa, in ba mijina ba. Mutumin da ba ya iya sauya ƙwan fitila sai an yi masa magiya, shi ne ya zauna wata rana ya ƙulle mana rauta don tsoron ɓarayi. Na ajiye mutumin kamfani a layi na kira shi. Ya ɗauka cikin rugugin inji.

"Maman yara, ya jikin Auta? An shiga?"

"Mabuɗin rauta. Me ka sa?"

"Wane mabuɗi?"

"Wanda ka sauya."

"Au. Gwada sunan babbar yarinya da shekarar haihuwarta."

Ya ƙi. Na gwada na ƙaramar. Na gwada lambar motarsa, na gwada sunan ƙungiyar ƙwallonsa da babban baƙi da ƙarami. Yana ta cewa wallahi yana bakin harshensa. A gwaji na ƙarshe shafin ya yi ja ya ce an yi kuskure da yawa, in dakata. Na kashe masa waya yana tsakiyar ba ni haƙuri.

Na ga wani ɗan rami a bayan rautar, na ce wa mutumin kamfani zan soka tsinke in goge komai.

"Kada ki taɓa shi. In kika goge, saitinmu ma zai tafi, sai mun turo ma'aikaci, gobe ko jibi. Saurara. Ki bi gidan ki kashe duk abin da ke kama wayfay, ɗaya bayan ɗaya, kina duba fitilar. In ta natsu, kin kama shi. In kin kashe komai ba ta natsu ba, to daga waje ne."

Na zare talabijin daga bango. Fitilar tana ƙiftawa. Na shiga ɗakin yara na lalubo wayar wasansu ƙarƙashin filo na kashe. Tana ƙiftawa. Na kashe wayfay ɗin wayata, na rufe kwamfutar, har Mama ta buge mini hannu don na rufe mata fuskar ɗanta. Na durƙusa gaban rautar. Fitilar tana nan tana rawar jiki, ita kaɗai a gidan da babu abin da ke kunne.

Saƙo ya shigo ta layin waya daga abokin aikin Auta, wanda ke jinyarsa: an fito da na gabansa, suna gyara ɗakin.

Na zauna a ƙasa dirshan. Tsoro nake ji. Na ga za a shiga da yaron nan bai faɗa ba, ya farka da abin da ya fi tsoro, ni kuma in ƙare rayuwata ina tuna cewa wani farin akwati ne ya gagare ni. Na fara lissafin yadda zan goya Mama in sauka da ita. Na san in muka faɗi a matakalar nan asibiti biyu za a yi jinya. Duk da haka na tashi, na nufi ɗakinta in ɗauko mata mayafi da takalmi.

A kan tagarta na gan ta. Tsohuwar wayata ce, wadda na bar wa Mama tun bara, an jingina ta da kwalbar man shafawa, tana fuskantar gado, caja a jikinta. Ko tuna ta ban yi ba, don ba ta da layi, a raina ba waya ba ce. Na ɗauka, ta yi zafi kamar an ciro ta daga murhu.

Ni na koya wa Mama yadda za ta danna jan maɓalli ta gaishe da Auta da hannu ta tura. Da can gaisuwa ce 'yar gajeruwa, sau ɗaya a mako in ta tuna. Yau allon cike yake da bidiyo, wani kan wani, na ja da yatsa ban kai ƙarshe ba. Kowanne da da'irarsa tana juyawa, kowanne dogo, wasu sun fi wasan kwaikwayon talabijin tsawo. Yatsana ya taɓa ɗaya ya buɗe. Ga Mama a bakin gado cikin hasken asuba, tana ba Auta labarin ranar da ya haɗiye maɓallin riga aka yi ta jiran fitowarsa. Ta yi dariya, ta goge ido, ta tashi ta fita ta bar gado shi kaɗai a hoto, wayar tana ta ɗauka. Ashe tun da ta farka take zaune tana yi masa hira, don kada ya ji shi kaɗai.

Abin da na fara ji haushi ne, ba zan ɓoye ba. Na so in yi ihu, a gidan da ihu ba ya isa inda aka aike shi. Na ja allon zan kashe wayfay, sai sanda ta bugi ƙofa. Mama ce tsaye, ta biyo ni. Ta ga wayarta a hannuna, ta ga inda yatsana yake. Ban san tana da sauran wannan saurin ba. Ta fizge ta ta manna a ƙirji, ta saki sandar ta faɗi, ta jingina da ƙofa don ta sami hannun magana.

Ta ce, "Ba su isa ba. Da'irar tana juyawa. Ke kika ce kada a taɓa sai ta tsaya."

Ni na ce. Na ce mata su ne suka lalata akwatin. Ta girgiza kai, ta nuna falo, ta nuna wayarta, ta raba hannu: wancan daban, wannan daban. Kuma da gaskiyarta, me ya haɗa su a ido? Yarenmu yana da alamar gishiri ya yi yawa, yana da alamar baƙon da ya ƙi tafiya, amma ba shi da alamar intanet, balle ta hanyar fita da ta shigowa. Na tsaya da hannuwa a sama ban san me zan yi da su ba. Wayata tana ta ruri a aljihu.

Sai na ja ta gefe na tsaya a bakin ƙofar ɗakin. Na nuna ƙofar, na ɗaga yatsa ɗaya: ƙofa ɗaya ce. Na kwaso filo da bargo da kwandon wanki na cusa a ƙofar har ta cika, na nuna wayarta, na nuna tulin: kayanki ne waɗannan, suna son fita. Na tsallaka waje, na yi alamar Auta, na yi kamar ina son shigowa, na bugi tulin na koma baya. Na sake bugawa. Na nuna mata agogon hannuna, na yi alamar likita yana tura gado.

Ta dubi tulin, ta dubi wayar. Ta daɗe tana kallon da'irorin nan suna juyawa, hirar safiya guda da ko ɗaya ba ta isa ba. Sannan ta sa babban yatsa a maɓallin gefe ta danne, ba ta ɗaga ba sai da allon ya yi baƙi.

Na ture kayan da ƙafa, na saƙalo hannunta a wuyana, muka isa tebur rabi tafiya rabi ja. Da na waiga lungu, fitilar ta natsu, tana ƙiftawa jefi-jefi kamar mai gyangyaɗi. Na buɗe kwamfutar na kira.

Ta yi ta ringi. Babu wanda ya ɗauka. Na sake kira, ina cewa ya Allah, ya Allah, ba tare da na iya ƙara komai a kai ba.

Aka ɗauka. Rufin wata doguwar baranda ne ke wucewa, fitila bayan fitila, sai fuskar abokin Auta a karkace yana haki.

"Yaya, mun taho. Muna ƙofar."

"Ka ce su tsaya. Don girman Allah ka ce su tsaya."

Na ji yana roƙo, na ji muryar nas tana cewa likita yana jira, na ji muryar Auta da kansa, a sanyaye, yana cewa uwarsa ce. Rufin ya daina tafiya. Hoton ya juya ya sauka a kansa. Yana kwance a gadon turawa, an sa masa hular leda, an liƙa masa allurar ruwa a bayan hannun hagu. Nas ɗin ta ɗaga masa kan gadon da kanta, ta ja baya. Hoton tar, ko gezau.

Ya ɗaga hannuwa biyu. Na dama ya kumbura, yana rawa, amma yatsun suna bin umarni. Ya kira ta yadda muke kiranta, tafi biyu a kan ƙirji. Ya ce ciwon ya shiga ƙashi. Ya ce an yi duk abin da za a yi. Sannan ya miƙe hannun dama, ya sa gefen tafin hagu a saman gwiwar, ya ja a hankali.

Na riƙe kafaɗun Mama ta baya ina jiran nauyinta. Bai zo ba. Ta zauna ƙyam, idonta a kan hannun, ko ƙiftawa ba ta yi.

Ta ce, "In sun cire, za ka rayu?"

Ya ce likita ya ce haka ake sa rai.

"Yau?"

"Yanzu."

A nan fuskarsa ta karye. Ya yi ƙoƙarin dariya ta ƙi. Ya nuna mata hannuwan biyu, ya juya su gaba da baya, ya ce gida hannu biyu ne, haƙuri hannu biyu ne, sunanta ma hannu biyu ne. Ya ce, "Da me zan yi miki magana?"

Mama ta dube shi. Ta ɗaga cinyarta ta dama, ta tura hannunta na dama ƙarƙashi, ta zauna a kai. Ta ɗaga na hagu shi kaɗai. Ta nuna idonsa, ta nuna kanta, ta dafa goshi: kana ganina, ka gane?

Ya gyaɗa kai.

Ta yi rabin rufin gida da tafi ɗaya, ta kai goshinta ya zama ɗaya rabin. Abin ya fito a karkace, amma gida ne. Ta nuna shi, ta jawo hannun zuwa ƙirjinta: ka dawo gida. Ta shafi haɓarta ta yamutsa fuska, wato kuma ka aske wannan gemun kafin ka zo mini. Auta ya yi dariya da majina da hawaye gaba ɗaya. Ya sauke hannun dama a kan bargo, ya ɗaga na hagu mai allura, ya dafa ƙirji da tafi ɗaya. Ta gyaɗa kai, ta karɓa.

Nas ta ce lokaci ya yi. Gadon ya motsa, ƙofa mai ganye biyu ta buɗe ta rufe, abokinsa ya ce zai kira mu, allon ya koma baƙi.

Na zauna a kujerar kusa da ita. Mama ba ta dube ni ba. Hawaye yana bin kumatunta yana ɗiga a kan teburin, ba ta share ba, don hannun da take sharewa da shi yana ƙarƙashinta. Can ta taɓa ni, ta yi wata alama da hagu. Ban gane ba. Ta sake, ta ɗan sauya yadda ta lanƙwasa yatsun. Ruwa take so. Na tashi na kawo mata, ta karɓa da hagu, rabi ya zube mata a zani. Ta ajiye kofin, ta ɗaga hannun ta ci gaba da gwada kalma ta gaba.